Ƙannena, Kada Ku Kwana Da Zato: Nasiha Kan Aikin Da Kuke Bar Wa Kwamfuta Cikin Dare



Wannan nasiha tawa ta shafi duk wanda ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka a cikinku, musamman ɗalibin da kundin kammala karatunsa ke cikinta, da mai ɗaukar hoton biki, da mai haɗa bidiyo, da matashiyar da ta zuba lissafin kasuwancinta a ciki. Kowannenku ya tara wahalar watanni, wani ma ta shekaru, a cikin na'urar da ɓarawo zai iya saƙalawa a hammata ya wuce, kofin shayi ɗaya kuma ya isa ya gama da ita.

Na san yawancinku kun sha jin cewa a riƙa ajiye kwafin ko-ta-kwana, kuma da yawa kuna ƙoƙari. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Da rana kwamfuta na hannu ana aiki, data na da tsada, wuta kuma babu tabbas. Sai dare ya raba ake samun sarari: layi ya yi sauƙi, kamfanonin waya na sayar da datar dare mai rahusa, wani lokacin ma a lokacin ake kawo wuta. Sai mutum ya danna tura fayiloli zuwa rumbun intanet, ya danna aika saƙon imel, ya rufe murfin kwamfuta, ya ja bargo da tunanin kafin asuba komai ya kammala. A mafi yawan lokuta, da zarar murfin nan ya rufu, aikin ya tsaya cak a inda yake.

Kwamfuta za ta iya yi muku aiki kuna barci, har ma ita kanta tana barci, amma bisa sharuɗɗa. Dole ku san sharuɗɗan, ku saita su da hannunku, sannan ku riƙa dubawa da idonku. Wannan dubawar ita ce kan gaba a duk abin da zan faɗa muku.

Barcin kwamfuta iri-iri ne

Tun a shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wani tsari mai suna ACPI, wanda ya rarraba halayen da kwamfuta ke shiga daga farke zuwa kashewa, aka ba su lambobi daga S0 zuwa S5. Guda uku ne suka shafe ku.

Na farko shi ne tsohon barci, wato S3. A nan kusan komai na kwamfuta yana mutuwa, ban da ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, wadda ake ci gaba da ɗiga mata 'yar wuta don kada ta manta abin da kuka bari a buɗe. Injin sarrafa aiki ya tsaya, intanet ya yanke. Babu fayil ɗin da zai motsa, babu saƙon da zai shigo ko ya fita, sai in wani abu ya tashe ta.

Na biyu shi ne dogon barci, S4, wanda a allo za ku ga an rubuta Hibernate. Kwamfuta kan kwashe duk abin da ke cikin RAM ta rubuta shi a faifan ajiyarta, sannan ta mutu murus. Kusan ba ta shan batir, ba ta yin zafi, in kun kunna ta ta dawo muku da aikinku yadda kuka bar shi. A wannan hali ma babu aikin da take yi.

Na uku shi ne barcin zamani, wanda aka kwaikwayo daga wayar hannu. Allo ya mutu, fanka ta yi shiru, amma kwamfutar ba ta fita daga S0 ba. Tana rage shan wuta ne ƙwarai, tana kuma ɗan farkawa lokaci-lokaci ta yi wasu ƙananan ayyuka ta koma. Microsoft ya fara shigo da shi a Windows 8 a 2012 da sunan Connected Standby, daga Windows 10 kuma ya koma Modern Standby. A wannan shekarar ta 2012 Apple ma ya kawo nasa salon mai suna Power Nap, a cikin tsarin Mountain Lion.

Matakin farko ke nan: kowa ya san irin barcin da tasa ke yi. Wannan ya fi muhimmanci a gare ku saboda da yawanku kwamfutocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje kuke saye, shekarunsu sun bambanta, tsarinsu ya bambanta. Abin da ya yi wa abokinka aiki a tasa ba lalle ya yi a taka ba.

Masu riƙe da Mac

Tun 2007 Apple ya sa wa kwamfutocinsa manhajar ajiye kwafi mai suna Time Machine. Za ku haɗa faifan ajiya na waje, ku zaɓe shi sau ɗaya, daga nan ta riƙa ɗaukar kwafi da kanta. Tsarinta shi ne ta riƙe kwafin kowace awa na awa 24 da suka wuce, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako na watannin baya, har sai faifan ya cika ta fara goge mafi tsufa.

A kwamfutocin Mac masu injin Intel, Power Nap ne ke ba da damar aiki cikin barci. Idan tana kan batir, abin da take yi shi ne duba sababbin saƙonni a manhajar Mail, da sabunta kalanda da sauran abubuwan iCloud. Ɗaukar kwafi da Time Machine da sauko da sababbin gyare-gyaren manhaja kuwa, sai tana jone da caja. Ku riƙe wannan da kyau. Wanda ya bar Mac ɗinsa a kan batir ya kwanta, da safe zai iya tarar da sababbin saƙonni, hakan ya sa ya zaci kwafin ma an ɗauka, alhali ba a ɗauka ba. Ana kunna Power Nap ne a sashen batir na saitin kwamfutar. Ku bar faifan a jone, ku bar manhajar Mail a buɗe kafin ku rufe murfi.

Sababbin Mac da suka fara fitowa daga 2020 da injin Apple na kansa, wato M1 da ƙannensa, ba za ku ga maɓallin Power Nap a cikinsu ba, domin su ke tafiyar da ɗan farkawarsu da kansu. Ga masu irin waɗannan, hanya mafi tabbas a daren da kuke da babban aiki ita ce ku kunna saitin da ke hana kwamfuta barci idan tana kan caja ko da allo ya mutu, ku bar murfin a buɗe. Kwafin farko musamman yakan ɗauki awoyi, kada ku damƙa shi ga barci.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane. Idan faifan waje ba ya jone, Time Machine kan ajiye wasu ƙananan kwafi na wucin gadi a cikin ita kanta kwamfutar. Suna da amfani in ka goge fayil bisa kuskure, amma ranar da aka sace kwamfutar ko faifanta ya mutu, tare za su tafi.

Masu riƙe da Windows

Ku buɗe tagar umarni ta Command Prompt, ku rubuta powercfg /a, ku danna Enter. Jeri zai fito na irin barcin da kwamfutar ke iya yi. In kun ga S3 a cikin waɗanda ake da su, tsohon barci gare ta. In kun ga S0 Low Power Idle, barcin zamani take yi, kuma a gabansa za a nuna ko tana riƙe intanet cikin barcin ko ba ta riƙewa.

Kada wanda ya ga na biyun ya yi saurin murna. A barcin zamani Windows na dakatar da manyan manhajojin da muka saba girkawa da hannu, sai wasu ƙalilan da aka gina musamman don aiki a bayan fage ake bari su motsa. Saboda haka tsohon Outlook, da burauzar da kuka bar Gmail a buɗe a ciki, da yawancin manhajojin tura fayil zuwa rumbun intanet, duk sukan tsaya har sai kwamfutar ta farka. Umarnin powercfg /sleepstudy zai fitar muku da rahoton abin da ta yi a barcinta na kwanakin baya, da yawan batirin da ta sha, da abin da ya hana ta sakat.

Mai tsohon barci yana da dabara. A cikin Windows akwai manhaja mai tsara lokutan aiki, Task Scheduler. Idan kun shirya aikin ɗaukar kwafi a ciki, ku shiga shafin sharuɗɗa ku zaɓi layin da ya ce a tashi kwamfuta don gudanar da wannan aiki, ku kuma zaɓi wanda ya ce kada a fara sai tana kan caja. A shafin saiti kuma akwai layin da ke cewa in lokacin ya wuce ba a yi ba, a yi shi da zarar an samu dama. Shi ma ku zaɓe shi, shi ne zai rufa muku asiri a daren da babu wuta. Bayan haka ku shiga saitin wuta mai zurfi, ƙarƙashin barci, ku ba agogon tashi izini, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake, musamman a kan batir. Kafin ku dogara da shi, ku gwada shi da rana: ku sa aikin ya tashi bayan minti goma, ku sa kwamfutar barci, ku zauna ku ga ko za ta farka.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ga hanya mai sauƙi da ba ta ƙi kowace kwamfuta ba. A saitin wuta, ku ce idan tana kan caja allo ya mutu bayan minti biyar, amma ita kada ta yi barci sam, ku kuma bar murfin a buɗe. Idan tana kan batir kuma ta yi barci kamar kullum. Allo na cikin abubuwan da suka fi cin wuta a kwamfuta, in ya mutu saura kaɗan ne. Da wannan saitin, File History, manhajar ajiye kwafi da ta zo da Windows 8 wadda ke ɗaukar kwafi duk awa in ba a canza mata lokaci ba, za ta yi aikinta. OneDrive da Google Drive ma za su ci gaba da turawa.

Batun imel

A nan zan kwantar muku da hankali a abu ɗaya, in tayar muku da shi a wani.

Saƙon da aka aiko muku ba ya ɓacewa don kwamfutarku na barci. Yana sauka ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ke riƙe da akwatinku, ya jira ku a can. Da zarar kun farkar da taku ta samu intanet, cikin ɗan lokaci zai shigo. Ga kuma waya a hannunku tana sanar da ku. Don haka bai kamata ku ƙona batir dare guda saboda saƙonnin da za su iya jira ba. Abin lura kawai shi ne yadda aka saita akwatin. Tsarin IMAP na barin saƙonni a can wurin kamfani, duk na'urar da kuka buɗe ku gan su iri ɗaya. Tsohon tsarin POP3 kuwa yakan sauko da su cikin kwamfuta, kuma in ba a hana shi ba yana iya goge su daga can. Mai amfani da POP3 a haka, wasiƙunsa na shekaru suna zaune a faifai ɗaya tak. Ku duba, ku koma IMAP.

Haɗarin yana wajen saƙon fita. Ku ɗauki misalin ɗaliba da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, saura rabin awa a rufe karɓar takardun neman tallafin karatu. Ta haɗa takardunta masu nauyin megabait 20, ta danna aikawa, tagar rubutun ta ɓace daga allo. Ta yi hamdala, ta rufe murfi, ta kashe fitila. Da ta duba gefen hagu na manhajar, da ta ga lamba 1 a gaban akwatin fita, wato Outbox. Saƙon bai gama hawa ba barci ya yanke shi. Zai kwana a nan, sai da safe in ta buɗe kwamfutar ya kama hanya, bayan an riga an rufe ƙofa.

Ɓacewar tagar rubutu ba shaida ba ce. Shaida ita ce akwatin fita ya zama wayam, saƙon kuma ya bayyana a cikin waɗanda aka aika. In abin na da muhimmanci, ku buɗe akwatin a waya ku tabbatar yana can. Ku tuna kuma Gmail ba ya barin a aika haɗin da ya wuce megabait 25, abin da ya fi haka sai dai a ɗora shi a Drive a aika da mahaɗi. In kuna son saƙo ya fita a wani lokaci na gaba, tsarin aika-daga-baya da Gmail ya kawo a 2019 yana gudana ne daga kwamfutocin Google, ko taku na kashe zai tafi. Jinkirta aikawa a tsohon Outlook kuwa, a akwatunan IMAP da POP3, sai manhajar na buɗe a lokacin zai fita.

Abubuwan da yanayinmu ya ƙara

Waɗanda suka tsara waɗannan na'urori sun ɗauka akwai wuta dare da rana, da intanet na gida da ba a ƙirga shi, da ɗaki mai sanyi. Mu kuwa sai mun yi namu lissafin.

Na farko, hotspot. Wayoyi da yawa na kashe shi da kansu idan suka ga babu na'urar da ke jone na 'yan mintoci. Kwamfuta ta yi barci, waya ta kashe hotspot, ko kwamfutar ta farka tsakar dare babu layin da za ta kama. A wayoyin Android da dama akwai inda ake kashe wannan ɗabi'a a saitin hotspot ɗin. Sannan OneDrive na dakatar da turawa da kansa idan Windows ya ɗauki layin a matsayin mai ƙididdigar data, ko idan kwamfuta ta shiga yanayin tattalin batir. Ku duba alamar gajimaren da ke ƙasan allo kafin ku kwanta.

Na biyu, lissafin lokaci. Saurin ɗora abu a intanet ya kan gaza na saukowa. Idan layinku na ɗora megabit 5 a daƙiƙa, gigabait ɗaya zai ci kusan minti 27, gigabait 10 kuma kusan awa huɗu da rabi. Mai bidiyon biki na gigabait 60 ba zai gama a dare ɗaya ba. Manyan kaya irin waɗannan faifan waje ya dace da su. Rumbun intanet a bar shi ga abin da ba shi da nauyi amma ba a iya maye gurbinsa: rubuce-rubuce, takardun shaida, lissafin kuɗi. Kyautar gigabait 15 da Google ke bayarwa, wadda Gmail da Drive da Photos ke rabawa tsakaninsu, ko gigabait 5 na OneDrive da na iCloud, ta isa ta riƙe irin waɗannan. Sai dai ku kula, in rumbun Google ya cika, saƙonnin imel ma sukan daina shigowa.

Na uku, wuta. Ƙaramin faifan da ke shan wutarsa daga jikin kwamfuta ta kebul ya fi dacewa da mu a kan babba mai nasa fulogi, domin in an ɗauke wuta batirin kwamfuta zai riƙe shi, shi kuwa babban zai mutu yana tsakiyar rubutu. Ku samu abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi, kada garin neman tsira a yi asarar caja da kwamfuta.

Na huɗu, zafi. Kwamfutar da za ta yi aikin dare a ɗora ta a kan tebur ko wani abu mai tauri. Katifa da filo da dardumar ɗaki na toshe ramukan iska. Kuma kada ku sa mai barcin zamani a jaka tana barci kawai, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Tana iya farkawa a cikin jakar ta kama aiki babu iska, ku ciro ta da zafi jau, batir ya ƙare. Zafi na rage wa batirin lithium kwana. Za ku yi tafiya, ku sa ta dogon barci ko ku kashe ta.

Daidaita fayiloli daban, kwafin ko-ta-kwana daban

Aikin OneDrive da Google Drive da iCloud shi ne su daidaita abin da ke cikin kwamfuta da abin da ke rumbu. Kamar madubi suke, ka yi murmushi su yi, ka ɓata rai su ɓata. In ka goge fayil a nan, ya gogu a can. In muguwar manhajar garkuwa da fayiloli ta kulle maka takardu, kullallun ne za su hau. Gaskiya ne Google Drive da OneDrive na mutum ɗaya suna riƙe abin da aka goge a kwandon shara na kwana 30, amma wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ya makara.

Shi ya sa masana suka riƙe ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A wurin ɗalibi, ma'anarta ita ce ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje ko filashi, ɗaya a rumbun intanet. Faifan kada ya riƙa kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. In an gama ɗaukar kwafi a cire shi a adana, a kuma kulle shi da kalmar sirri.

Manya ma sun faɗa wannan rami

A shekarar 1998 kamfanin Pixar na Amurka na tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure ya shiga share fayilolin fim ɗin. Ma'aikata na kallo sassan 'yan wasan na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a kashe injin kusan kashi 90 cikin 100 sun tafi. Da farko hankalinsu bai tashi sosai ba, tun da suna da tsarin ɗaukar kwafi. Da suka dawo da kwafin sai suka tarar tsarin ya daɗe da samun matsala babu wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka je gidanta aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗaura mata bel a kujerar mota, aka tuƙo a hankali har ofis. Fim ɗin ya fito a 1999.

A ranar 31 ga Janairun 2017 kuma, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure cikin dare. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya cewa hanyoyi biyar gare shi na ajiye kwafi, amma a ranar babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana gazawa tana aika saƙon gargaɗi ta imel, saƙonnin kuma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin abin ya faru shi ya fid da su, aikin awa shidan nan kuwa ya tafi ke nan.

Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da kayan aiki. Ba rashin na'ura ya kayar da su ba, sakankancewa ce da rashin dubawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake roƙonku

Ku mayar da dubawa ɗabi'a. Duk safiyar da kuka bar wa kwamfuta aiki, kafin ku buɗe komai ku nemi ranar da lokacin kwafin ƙarshe. A Mac yana nan a alamar Time Machine da ke saman allo. A Windows yana shafin File History, Task Scheduler kuma na nuna lokacin da aiki ya gudana na ƙarshe da sakamakonsa. A rumbun intanet, ku shiga ta waya ku ga ko fayil ɗin jiya na can. Abin ba zai ci muku minti ɗaya ba. Sau ɗaya a wata kuma ku zaɓi fayil guda daga cikin kwafin, ku dawo da shi, ku buɗe shi ku karanta. Gani ya kori ji.

Aiki mai wa'adi kuwa, irin kundin da za a miƙa gobe ko takardar neman aiki, kada ku bar wa dare shi. Ku zauna a gaban allo har ku ga ya kammala, sannan ku kwanta.

Ƙannena, iyayenku sun tsuke bakin aljihu kafin su saya muku wannan na'ura, wasunku kuma guminku ne. Abin da ke cikinta ya fi ta tsada, domin ita ana iya sayen wata, amma shekarar da kuka yi kuna tattara bayanan bincike ba ta dawowa. Mai hoton biki kuma amanar mutane ce a hannunsa, ranar auren da ba za a sake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku gano irin barcin da kwamfutarku ke yi, ku gyara saitinta, ku ɗauki kwafi. Gobe da safe ku duba ko ya ɗauku, sannan ku nuna wa abokin zamanku yadda ake yi.

Allah Ya tsare muku wahalarku, Ya sa albarka a karatunku da sana'arku.